Kar ka ce "ja" in baka gane ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Naga saƙonka tun daren jiya, gajiya ce ta hanani amsawa. Kace sati uku kenan da ka fara aiki a wurin waldar nan na Rotadam, kowa yana jin Turanci har foman ɗinku, to meye na wahalar da kai wajen koyon yaren Holan, kuma wai mutanen basu da kara, magana suke yaɓa maka a fuska. Naji, nima haka na ɗauka shekarar da na zo.

Turancin nan da kake ji na lokacin da hankali yake kwance ne. Ranar da aka ɗago ƙarfe ta saman kanka babu mai tsayawa neman kalmar Turanci, "kijk uit" zaka ji ko "pas op", wato yi hankali, in ka tsaya waige-waige kana tunanin me aka ce to sai dai Allah Ya kiyaye.

Amma ni lissafi ne ya fara kada ni. Su ƙirgarsu a juye take irin ta Larabawa, ƙaramin adadi ake fara faɗa, yadda ake cewa wahidun wa ishiruna haka suma suke cewa eenentwintig, wato 21. Wata na biyu da fara aiki foman ya ɗaga murya cikin ƙarar injin gurza ƙarfe yace vijfenzestig, naji biyar naji shida, na ɗauki alli na rubuta 56 a jikin bututu nace masa ja, wato eh da yarensu, alhali 65 yake nufi. Guda 12 na yanka, kowanne ya gaza da santimita 9, kuma kai ma kasan ƙarfen da ka rage wa tsawo baya ƙaruwa. Da ya zo ya gani sai na sunkuyar da kai yadda aka koya mana in babba yana faɗa, wallahi sunkuyarwar nan ta fi asarar bututun ɓata masa rai, yace in ɗago in kalle shi, me yasa nace ja tunda ban tabbatar ba? A gida kallon idon na gaba da kai rashin kunya ne, anan wanda yake kawar da ido ɗauka suke yana ɓoye wani abu. Tun ranar duk awon da aka faɗa min sai na rubuta a jikin ƙarfen na nuna, ko nace "nog een keer", wato a sake faɗa. Ba wanda ya taɓa raina ni saboda haka.

Agogo ma akwai tarko, half acht bakwai da rabi ne ba takwas da rabi ba. In ance half acht to ya zama a lokacin ka riga ka sa kayan aiki, ba lokacin kake ɗaure keke a waje ba. In baka da lafiya kai da kanka zaka buga waya da sassafe, ba aike ake yi ba.

Maganar rashin kara kuwa, idan mutum ya kalli ɗinkin waldarka yace bai yi ba ka sake, iyakar maganar kenan, ƙarfe goma zai miƙo maka kofi ya manta. Kuma kaima suna jiran ka faɗi naka. In kaga zanen da aka baka bazai yiwu ba ka faɗa tun kafin ka kunna inji, ko da mai kamfanin ne, sunansa ma zaka ji yara ƙanana suna kira gatsau babu ranka ya daɗe, ni har yau bakina yana ɗan nauyi.

Jarrabawar VCA ta kiyaye haɗari, in baka yi ba ka sa a gaba, yawancin manyan wuraren aiki na tashar jirgin ruwa bazasu barka ka wuce ƙofa ba sai da ita. Tambaya 40 ce, takardar tana aiki shekara 10. Ana iya yi da Turanci, ka yi da shi don ka wuce, amma ka karanta littafin da yarensu ma saboda allunan da ke bango da shi aka rubuta.

Wurin koyo baya wahala. Ka je laburaren unguwarku ka tambayi taalhuis, akwai masu sa kai da ke zama da mutum suna hira dashi. Da yamma ka kalli Jeugdjournaal, labaran yara ne, maganar tafi sauƙin kamawa. Harafin g da yake tsorata mutane kai ka gama dashi tun a makarantar allo, kusan kha ɗin Larabci ne, daga maƙoshi. De da het kuwa, wato kalmominsu biyu masu aikin "the" na Turanci, kar su hanaka barci, ni har gobe ina cakuɗa su. Babbar matsalar ita ce da sun ji ka yi tuntuɓe sai su juya Turanci don su taimake ka, sai ka dage kace "Nederlands alsjeblieft", wato don Allah a yi da yaren Holan.

Ka daina zama kai kaɗai da waya lokacin shan kofi, a teburin nan ake jin wa zai tafi, ina ake neman mai walda, wa za'a ba kwantiragi na dindindin. Ranar zagayowar haihuwarka kai ne zaka kawo kek ka raba, abin ya bani dariya da farko. Zaman da suke yi ranar Juma'a bayan an tashi ka leƙa ko na minti ashirin ne, ka riƙe lemonka, ba mai tilasta maka giya, sai dai ka haddace kalmar varken, alade kenan, ka tambaya kafin ka kai hannu faranti. Sallar Juma'a kuma ka zauna da foman tun farkon sati ku tsara yadda zaka rama awannin, sulalewa ba sallama ce basa yafewa.

Ranar Asabar in zaka zo gida ka taho da takardar albashinka in duba maka, akwai kuɗin hutu kashi 8 cikin ɗari da doka ta ce a ba ma'aikaci, yawanci a watan Mayu ake biya, inaso in ga ko ejan ɗin da ya samo maka aikin yana lissafa maka shi. Ka gaida mutanen gida in kun yi waya.