Tambaya da Amsa: Yaya Zan Tsara Wa Yarana Karatu a Gida?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni matar aure ce a unguwar Ɗorayi, ina da 'ya'ya uku: babbar tana da shekara 9, mai bi mata namiji yana da 6, sai 'yar autarmu mai shekara 3. A farkon wannan zangon karatu ni da maigidana muka yanke shawarar dakatar da kai su makarantar kuɗi, saboda kuɗin makaranta da na adaidaita sahu sun fi ƙarfinmu, kuma tun da ina da takardar shaidar malanta ta NCE muka ga zan iya koyar da su da kaina kafin Allah ya hore. Na kwafi jadawalin tsohuwar makarantarsu na manna a bango, darasi takwas daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 2, amma abin ya gagara. Kafin azahar yara sun gaji, girki ya makara, ni kuma sai faɗa. Da yamma suna zuwa Islamiyya. Don Allah ki ba ni shawarar yadda zan tsara yininmu.

Maman yara uku, Ɗorayi

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya, ya kuma buɗa muku. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki cire wancan jadawalin daga bango. An tsara shi ne domin aji mai ɗalibai da yawa, inda kiran suna da raba littattafai da tsawatar wa masu surutu da jiran wanda bai gama kwafa daga allo ba suke cinye kaso mai tsoka na kowane darasi, sannan malamai da dama ne suke karɓa-karɓa. Ke kuwa ke kaɗai ce, ɗalibanki biyu, ga goyo ga tukunya. Abin da malamin aji yake buƙatar minti 40 kafin ya isar, uwar da ta zauna gwiwa da gwiwa da ɗanta takan isar da shi a ƙasa da haka, domin nan take take ganin inda ya kakare. A ganina awa biyu da rabi zuwa uku na karatun boko sun wadatar wa mai shekara 9, mai shekara 6 kuwa awa ɗaya da rabi ta ishe shi, ita ma a rarrabe.

Gidanki yana da nasa tsarin tun kafin ki fara wannan aiki: salloli biyar, lokutan abinci, lokacin Islamiyya, da kuma zafin ranar Kano wanda ba ya barin kowa ya yi tunani mai nauyi da tsakar rana. A jikin waɗannan za ki rataya darussan. Yaro ya fi riƙe "bayan karin kumallo" da "kafin azahar" a kan "ƙarfe tara da kwata", kuma idan wata rana aka makara da rabin awa, jerin abubuwan yana nan bai rushe ba, sai dai a ɗan matsa shi.

Bayan sallar asuba ki ba Alƙur'ani minti 20 zuwa 30, domin a lokacin hadda ta fi zama, kuma zai rage musu nauyin da suke kaiwa Islamiyya. Sai dai ki lura da barci, don masana lafiyar yara sun yi ittifaƙi cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Yaron da zai tashi da asuba ya kamata a ce ya kwanta jim kaɗan bayan isha'i, idan kuwa hakan bai samu ba, to a bar shi ya koma barci bayan salla. Daga nan sai shara da wanke-wanke, wanka, koko ko shayi. Ina ba da shawara su sa kaya masu tsafta su zauna a wuri guda da aka keɓe, ko da tabarma ce a inuwar tsakar gida, saboda yaron da ya zauna karatu da kayan barci a kan gado bai yarda a ransa cewa an shiga makaranta ba.

Da misalin ƙarfe 8 sai a buɗe da lissafi. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma lissafi shi ne darasin da ya fi buƙatar ƙwaƙwalwar da ba ta gaji ba, shi ne kuma wanda idan aka bar giɓi a cikinsa yake bin yaro har sakandare. A nan ne dabarar koyar da yara biyu masu bambancin aji take. Ki fara da ƙaramin, ki ba shi minti 15 zuwa 20 na hankalinki kacokan, kuna ƙirga da murafen kwalba ko ƙwallayen dabino, kuna tarawa da ɗebewa da hannu kafin a kai ga takarda. A wannan lokacin babbar tana warware tambayoyi kan abin da kuka yi jiya, waɗanda kika rubuta mata tun daren. Idan kin sallami ƙaramin da aikin kwafar lambobi, sai ki juyo kanta, ki duba abin da ta yi a gabanta, ki gyara tare da ita, sannan ki koya mata sabon abu guda ɗaya tak. Haka za ki yi a darasi na biyu, wato karatu da rubutu. Game da ɗan shekara 6, ra'ayina shi ne ki fara ƙarfafa masa haɗa baƙi da Hausa, domin rubutun Hausa yana bin furucinsa, yaro yana saurin gane cewa kowane harafi sauti ne, kuma idan ya kama wannan sirrin Turanci zai zo masa da sauƙi. Babbar kuwa ta riƙa karanta miki shafi ɗaya a bayyane kullum, ta rufe littafin ta faɗa miki abin da ta fahimta da bakinta, sannan ta rubuta jimloli biyar a kai.

Wajen ƙarfe 9 da rabi sai a fita tara, kamar yadda suka saba a makaranta. Rabin awa ce, su sha ruwa, su ɗan taɓa wani abu, su yi guje-gujensu, ke kuma ki jiƙa wake ko ki gyara kayan miya. Bayan tara ƙaramin ya kusa gamawa, zane ko waƙar haruffa ta ishe shi. Babbar ce za ta yi darasi na uku, wanda za ki riƙa juya shi: yau kimiyya, gobe tarihi da zamantakewa, jibi Hausa ko kiwon lafiya. Ba dole ne kowane darasi ya bayyana kowace rana ba, in ban da lissafi da karatu. Kafin ƙarfe 11 da rabi an rufe littattafai, kin ɗora sanwa da natsuwa.

Ita kuwa 'yar auta, kada ki yi fatan za ta zauna shiru. Ki tanadar mata kwando nata na musamman mai ɗauke da ƙaramin allo da alli da gwangwanaye, wanda ba a fito da shi sai lokacin karatu, don kada ta saba da shi ya gundure ta. Abin da nake jan kunnenki a kai shi ne kada rainonta ya koma kan babbar yayarta. Na sha ganin gidajen da karatun gida ya zama hanyar mayar da 'ya mace mai aiki ba tare da an lura ba, ana cewa ta ɗan riƙe ƙanwarta, ta ɗan duba wuta, har safiyar ta ƙare namijin ne kaɗai ya yi karatu.

Bayan azahar da abincin rana, ƙailula ce ga kowa, har da ke. Da la'asar su tafi Islamiyya, kuma ina roƙonki kada ki taɓa wannan lokacin komai matsi, domin baya ga ilimin addini, a can ne yanzu suke haɗuwa da sa'o'insu, suke koyon zama da malamin da ba mahaifiyarsu ba. Ki kuma tabbatar jikinsu yana motsawa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. Langa da 'yar gala-gala da ƙwallo a ƙofar gida sun biya wannan buƙata.

Tsarin mako shi ma ya bi na garin. Da yake yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, ki cika karatun boko daga Litinin zuwa Laraba, ranar Alhamis a yi lissafi da karatu kawai, sau ɗaya ko biyu a wata kuma ku fita. Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fi zama a kan yaron da aka kai shi Gidan Makama da Kasuwar Kurmi ya gani da idonsa, haka nan marinar Ƙofar Mata darasin kimiyya ce a buɗe, ga Dutsen Dala, ga ɗakin karatu na Murtala Muhammed. Juma'a ta zama ta bita da ɗan gwaji, a tashi ƙarfe 10. A watannin Maris zuwa Mayu ki fara ƙarfe 7 da rabi don ku riga zafi, da hunturu ki jinkirta kaɗan, da azumi kuma ki rage zuwa darasi biyu.

Abin da ya fi rusa irin wannan shiri a garinmu shi ne baƙi da aike da waya. Ki sanar da maƙwabta da dangi cikin ladabi cewa daga ƙarfe 8 zuwa 11 kina aji, ki ajiye waya a ɗaki, kada kuma a aiki yaro kanti a tsakiyar darasi. Suna da biki da gaisuwar rasuwa za su zo, ba makawa. Ranar da hakan ta faru a yi lissafi da karatu na rabin awa kafin a fita, kada a ce za a rama duka washegari.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye miki ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da hakan, sannan a 2019 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole. Saboda haka ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki bayyana halin da kuke ciki, ki kuma duba makarantar gwamnati da take kusa da ku, domin sanya su a can da safe tare da ƙarin darasinki a gida hanya ce da ta cancanci a auna ta. Idan kun ci gaba a gida na wani lokaci, ki bi manhajar NERDC, wato hukumar gwamnatin tarayya mai tsara abin da ake koyarwa a makarantu, ki sayi littattafan ajinsu a shagunan Sabon Gari, ki raba babukan kowane littafi bisa makonnin zango uku na shekara, ki kuma keɓe littafin rubutu guda da za ki riƙa sa kwanan wata da abin da aka koya. Shi za ki nuna wa hedimasta ranar da za su koma, musamman babbar, wadda jarrabawar shiga sakandare take ƙaratowa.

Tambaya

Malama, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina fita da safe sai bayan magariba nake dawowa. Uwargidana ce take koyar da yaranmu biyu a gida, 'yan shekara 7 da 4. Ina tunanin saya musu waya mai darussan bidiyo don a rage mata wahala. Shin hakan ya dace, kuma ni wace gudummawa zan iya bayarwa?

Baban yara, Gwammaja

Amsa

Barka kadai, Alhaji. Bidiyo yana taimakawa idan gajere ne, an sauke shi tun da wuri, kuma babba yana zaune a gefe yana tambayar yaron abin da ya gani. Minti 20 a matsayin darasi na ƙarshe sun ishi ɗan shekara 7, amma kada a fara safiya da shi, don yaron da ya buɗe yini da waya da ƙyar yake komawa kan fensir. Ga ɗan shekara 4, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada zaman kallo ya wuce awa ɗaya a yini, kuma raguwarsa ta fi.

Gudummawarka ta fi wayar tasiri. Ka riƙa kawo cefane tun da dare, ko ka bar kuɗinsa a hannu, don kada safiyar uwargida ta tafi a jira da aike. Ka sa a shafa baƙin fenti a wani sashe na bango ya zama allo, ka sayo alli da littattafan rubutu da yawa lokaci guda. Tsakanin magariba da isha'i ka keɓe minti 15, babban ya karanta maka shafi ɗaya, ka buɗe littafinsa ka duba aikin ranar ka sa hannu, ka kuma jefa masa tambaya irin ta kasuwa, misali idan turmi yadi shida ne, yadi nawa ne a turmi uku. Ranar da ba ka fita kasuwa kuma ka karɓi darasin safe gaba ɗaya, uwargida ta samu ta huta ta shirya na mako mai zuwa.