Ina da ADHD, an sallame ni daga jami'a: in koma neman zama injiniya ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 29, ina gyaran waya a Kano. Tun ina yaro burina in zama injiniyan lantarki. Na samu gurbi a jami'a, amma a aji biyu aka sallame ni saboda kwasa-kwasan da na faɗi sun taru. A lakca jikina na aji, hankalina na wani wuri. Karatun jarrabawa kuwa sai daren ƙarshe. Amma idan aka ajiye min wayar da ta gagari kowa a layinmu, sai in wuni a kanta ko abinci ban tuna ba. Bara likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da ADHD, wato lalurar wahalar tsayar da hankali a kan abu guda da kasa natsuwa. Mahaifina ya ce in riƙe sana'ata, karatu ba rabona ba ne. Goggota kuma ta ce hannu aka sa min. Shin mai irin lalurata zai iya zama injiniya, ko in cire rai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai iya. Sai dai idan ka koma ta ƙofar da ka fito, da irin tsarin da ka bi a wancan karon, abin da ya faru shi zai sake faruwa, ko da niyyarka ta ninka ta da. Don haka yawancin amsata a kan hanyar da za ka bi za ta tsaya.

Bari in fara da abin da na san ya fi ɗaure wa mutanen gidanku kai. Mutum ya wuni a kan waya guda, sannan a ce ba ya iya maida hankali? Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannunka yadda yake a hannun wasu. Ƙwaƙwalwar mai ADHD tana kama aiki idan abin sabo ne, ko yana da daɗi, ko akwai gaggawa, ko kuma sakamakonsa na kusa. Dubi teburinka. Ka buɗe waya, ka ɗora mita, ka bi layin har ka ga inda wuta ta tsaya, ka narka dalma ka liƙe, ka danna. Ko ta kawo haske ko ba ta kawo ba. Cikin 'yan mintoci ka san matsayinka, ga mai wayar tsaye a kanka yana jira. A jami'a kuwa malami zai yi ta bayani wata uku, ba wanda ya tambaye ka inda ka kwana, sakamako sai ƙarshen zango. Shi ya sa sai daren jarrabawa kake iya karatu: a daren ne kawai abin ya zama na gaggawa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai kula da tsara aiki, fara shi, da lissafin lokaci yana dogara da sinadaran dofamin da noradirenalin, kuma a nan bambancin yake. Masanin nan na Amurka Russell Barkley, wanda ya daɗe yana bincike a kan lalurar, ya sha nanata cewa mai ADHD ya san abin da ya kamata ya yi, aikatawa a lokacin da ya dace ne ke gagararsa, don haka taimakon da zai amfane shi shi ne wanda ke nan a wurin aikin da lokacin aikin. Nasiha da faɗa bayan an gama ba sa tsinana komai. Ina jin kai ma ka sha su.

Game da maganar Goggo: kafin likita ya yanke cewa ADHD ne sai ya tabbatar alamomin sun fara tun kafin shekara 12, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali. Lalura ce da ke bin jini sosai, kuma ƙiyasin da aka fi ambato shi ne kusan kashi 2.5 cikin 100 na manya suna da ita. Ka tambaye ta yadda kake kana ɗan firamare. Mai yiwuwa ita da kanta za ta ba ka labarin ƙiriniyarka da yawan ɓatar da littafi. Addu'arta kuma ka karɓa, ba ta hana magani.

Yanzu ga burin. Ina so ka zauna ka tambayi kanka me kake gani idan ka ce injiniya. Akwai wanda ke yini a gaban kwamfuta yana zane da lissafi da rubuta rahoto. Akwai wanda ake kira idan inji ya tsaya a masana'anta, ko na'urar asibiti ta ƙi tashi, ko inbatar sola ta ƙone, ya zo ya gano inda matsalar take. Daga wasiƙarka, na biyun nake gani. Gano laifin na'ura shi ne abin da ke tayar da kai, kuma baiwa ce da ba kowane mai digiri ke da ita ba. Idan haka ne, digirin shekara biyar a jere ba shi kaɗai ne hanya ba, kuma a ganina ba shi ne ya fi dacewa da kai a yanzu ba.

Kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kano ko ta Kaduna, tana raba tafiyar gida-gida: ƙaramar difloma shekara biyu, shekara guda ta aiki a masana'anta, sannan babbar difloma shekara biyu. A ƙarshen kowace difloma akwai takarda a hannu, kuma aikin hannu ya fi yawa. Ga mai irin ƙwaƙwalwarka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ake hange ya matso kusa. Wanda ya fita da sakamako mai kyau a ƙaramar difloma yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun JAMB, ka ga ƙofar digirin ba ta rufe ba. Hukumar COREN da ke rajistar masu aikin injiniya ma ba masu digiri kaɗai take yi wa ba, tana da matakai har da na masu difloma da masu sana'ar hannu. Sannan hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Shekarun da ka yi a shago suna iya zama takarda. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ana nuna wa masu babbar difloma bambanci a wasu wuraren aiki, musamman na gwamnati. Lissafi kuma yana nan yana jiranka ta kowace hanya ka bi.

Duk inda ka shiga, ka gina wa karatun abin da shago ke ba ka kyauta. Ka nemi abokin karatu guda mai naci da za ku riƙa zama tare a lokaci tsayayye, ko da kowa nasa yake karantawa. Kasancewar mutum a gefe kaɗai na taimaka wa masu ADHD da yawa su fara. Ka zauna layin gaba. Maimakon karanta takardun lakca daga farko zuwa ƙarshe, ka fara da tambayoyin jarrabawar baya, ka gwada, ka faɗi, sannan ka koma neman dalili, daidai yadda kake yi wa waya. Kada ka bar wa kanka aikin tuna ranar miƙa aiki ko rajistar kwas. Rubuta a bango, sa ƙararrawa. Kuma kada ka rufe shagon. Ka rage lokacinsa, ka bar yaro a kai. Wurin da kake jin kai gwani ne kana buƙatarsa a ranar da sakamakon gwaji ya fito ba daɗi.

Za ka ci karo a intanet da jerin shahararrun da ke da ADHD, irin su Michael Phelps mai zinare 23 a ninƙayar Olamfik, da Simone Biles, 'yar wasan motsa jiki ta Amurka. Gaskiya ne suna da ita. Abin da masu jerin ba sa faɗa shi ne waɗannan mutane sun tashi a hannun masu horarwa, da jadawalin da wani ke tsare musu kullum. Ban yarda da masu cewa lalurar nan baiwa ce zalla ba. Wanda ta ci masa gurbin jami'a ya san tana da tsada. Misalin da ya fi maka amfani shi ne na Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. Ita otizim gare ta, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane, ba ADHD ba, kuma hira da mutane na yi mata wuya. Ta yi suna wajen zana hanyoyin da ake bi da shanu a mahauta ba tare da sun firgita ba, kuma ta sha faɗa cewa zanenta take shimfiɗa wa masu kamfani su gani da idonsu, da haka ta riƙa samun aiki. Kai ma fara tara naka: hoton na'ura kafin gyara da bayansa, da layi biyu kan abin da ka gano. Manyan kamfanoni sun fara gane cewa ganawar neman aiki irin ta gargajiya tana zubar musu da ƙwararru. Kamfanin manhajar kwamfuta na SAP ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft a 2015, inda ake ba wa aikin da mutum ya nuna muhimmanci.

A Najeriya akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ambaci lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ka san da ita, amma kada ka ɗora shirinka a kanta, don aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka karɓi takarda daga likitanka, ka kai ofishin kula da harkokin ɗalibai da shugaban sashenku tun makon farko, kafin a shiga matsala. A wurin aiki kuwa ba dole ne ka faɗi sunan lalurar ba. Ka faɗi buƙatarka kawai: “Ranka ya daɗe, idan aka rubuto min aikin a saƙo na fi kiyayewa.” Da wuya maigida ya ƙi wannan.

Ba ka ce ko an ɗora ka a kan magani ba. Idan ba a yi ba, ku tattauna da likitanka kafin ka koma aji. Metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, yana taimaka wa manya da yawa, amma yana iya rage cin abinci da barci, ya ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa sai da takardar likita da bibiya. Wani maganin kuma, atomoksetin, yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Kada wani a kasuwa ya miƙo maka ƙwaya da sunan ta karatu ce. Ka kuma roƙi a duba ko kana da wahalar karatu ta disleksiya, ko damuwa mai tsanani, domin sukan zo tare da ADHD, kuma wanda aka sallama daga makaranta yakan daɗe da ciwon a ransa.

Shi kuwa Baba, ba ƙiyayya ce ta sa ya ce ka riƙe sana'a ba. Ya biya kuɗin makaranta sau ɗaya, ya ga yadda ka dawo, ba ya son ya sake gani. Kada ka je masa da maganar buri. Ka je da sunan makarantar, da kuɗin zango, da wanda zai riƙe shago a ranakun lakca, ka kuma ce daga shagon za ka biya na shekarar farko. Idan da hali ka tafi da shi wurin likitanka ranar da za ka koma, ya ji bayanin daga bakinsa.