Wigan ba ɗan wasa ta rasa ba, an gano hanyarta ne

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare ina wurin aiki ban samu na zauna ba sai yanzu. Ka ce kai sabon shiga ne a kallon zari-ruga ta 'yan goma sha uku, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda Wigan Warriors ta kwashe kofi huɗu a 2024 amma a 2025 ta tashi hannu rabbana, shin rashin sayen manyan 'yan wasa ne ko kuwa tafiyar Las Vegas da cunkoson wasanni ne suka karya su. To bari in faɗa maka nawa, ni dai shekara kusan tara kenan ina zaune a yankin Wigan, kuma wani Bature abokin aikina a sito ne ya fara jana filin, ranar farko wallahi ban gane komai ba, ina ta tambayarsa me ya sa suke miƙa wa abokan gaba ƙwallo haka kawai, ashe takul shida ne ya cika, wato an kama mai ƙwallo an tsayar da shi sau shida, daga nan ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Yanzu kuwa har matata ta san in Wigan ta sha kashi ba a yi min maganar cefane sai washegari.

Maganar saye tukuna, don nan ne mu da muka taso da kallon Firimiya muke yin kuskure. A ƙwallon ƙafa in mai kulob yana da kuɗi sai ya buɗe bakin aljihu kawai. A Super League, babban lig ɗin da Wigan take bugawa, ba haka ba ne, akwai iyakar albashi, a 2025 fam miliyan 2.1 ne a shekara na 'yan wasan kulob gaba ɗaya, ka ji fa, gaba ɗayansu, kuɗin da wani ɗan Man City zai cinye cikin 'yan makonni. Akwai 'yar ƙofa da aka bari ta manyan taurari kaɗan waɗanda wani kaso na albashinsu ne kawai ake lissafawa, da rangwame kan yaran da kulob ya raina da kansa, amma duk da haka ba za ka tara gwanaye yadda ranka yake so ba. Mike Danson mai kulob ɗin ba talaka ba ne, shi ke da Wigan Athletic ma, amma ko ya fi haka kuɗi doka ta ɗaure shi. Da can kafin a kawo wannan dokar Wigan ita ce mai sayen kowa, a 1992 ta ɗauko Martin Offiah daga Widnes kan fam 440,000 wanda a lokacin ba a taɓa biyan irinsa ba a duniya, kuma Offiah iyayensa 'yan Najeriya ne in baka sani ba, mutum-mutuminsa na nan a Wembley. Zamanin da suka ci Challenge Cup, kofin sili-ɗaya-ƙwale, sau takwas a jere kenan daga 1988 zuwa 1995. Wannan zamanin ya wuce, tsofaffin magoya baya ne kawai har yau suke lissafi da shi.

Abin da ya sa nake cewa sayen bai dame ni ba, duba abin da ya faru ƙarshen 2023. Sun ci Grand Final, wasan ƙarshe da ke fitar da zakaran lig, a kan Catalans 10-2, sai Morgan Smithies ya tafi Canberra, Kai Pearce-Paul ya tafi Newcastle Knights, Sam Powell ya koma Warrington. Kowa a tasha da wurin shan shayi yana cewa shikenan an wargaza tim. Su kuma me suka yi, suka kawo Luke Thompson daga Canterbury Bulldogs, Kruise Leeming daga Gold Coast, Adam Keighran daga Catalans, duk mutum ɗaya ramin da zai cike an san shi tun kafin ya sa hannu. Gurbin Pearce-Paul kuwa yaron gida ne ya cinye shi, Junior Nsemba, haifaffen Wigan iyayensa 'yan Kamaru, dogo ne kamar falwaya, shekarar ya zama gwarzon matashin lig har Ingila ta kira shi. To da sun je sun sayo wani ƙato daga Ostireliya sun ɗora a wurin, yaron nan da yana benci ko yana aro a wani ƙaramin kulob. Harry Smith yaron gida ne, Liam Marshall yaron gida, kyaftin Liam Farrell yaron gida, Brad O'Neill da Ethan Havard duk a nan aka raine su, shi kansa koci Matt Peet bai taɓa buga wasa a babban mataki ba, daga horar da yara ya hau har aka ba shi babbar kujera a 2022. Haka gidan yake tafiya. Kuma da wannan tim ɗin aka doke Penrith zakarun Ostireliya 16-12 a World Club Challenge a watan Fabrairun 2024, ina filin ranar sanyi kamar zai cire kunne, aka doke Warrington 18-8 a fainal ɗin Challenge Cup a Wembley, aka ƙare a saman tebur, aka doke Hull KR 9-2 a Grand Final a Old Trafford. Kai in kai ne, tim ta yi maka haka, wa za ka kora ka kawo wa?

Amma fa ba zan wanke su tas ba. Inda na ga laifinsu shi ne shiga 2025 da kusan fuskoki iri ɗaya alhali Hull KR da suka sha kashi a fainal sun koma sun zauna sun duba abin da suka rasa. Suka ɗauko Jared Waerea-Hargreaves daga Sydney Roosters, tsoho ne amma mugu, irin mutanen da in sun shigo tsakiya kowa sai ya gyara tsayuwa, suka ɗauko Michael McIlorum wanda ma tsohon ɗan Wigan ne, da Rhyse Martin daga Leeds, da Tom Davies. Wato sun sayi taurin kai da gogewa a manyan wasanni, abin da ya gagare su a 2024 kenan. Mu kuma Willie Isa ya yi ritaya ya tafi Chelsea aiki, eh Chelsea ɗin da ka sani, sai tsakiyar kaka aka kawo Christian Wade daga ɗaya zari-rugar ta 'yan sha biyar, wanda ni a ganina ya fi kama da abin jan jarida, don gefen fili ba nan ne ciwonmu ba.

Ciwon yana salon wasa ne, kuma nan nake so ka tsaya da kyau in kana son ka fahimci wasan. Wigan ta Peet a tsaro take cin abinci. Wasanni huɗu na ƙarshen 2024 ko tirai ɗaya, wato dasa ƙwallo a bayan layin abokan gaba, ba a sa musu ba, Leeds 38-0, Salford 64-0, Leigh 38-0, sai fainal ɗin da Hull KR ta samu maki biyu na bugun fanareti kawai. Tsarin shi ne ƙattin gaba su ci mita, a kammala takul biyar ba tare da yar da ƙwallo ba, Harry Smith ya buga ta can ƙuryar abokan gaba, a bi su a danne su a can, a yi ta maimaitawa kamar mai daka har su gaji. In sun gaji layinsu ya fara ɓaraka sai Bevan French ko Jai Field su tsaga. Fainal ɗin 2024 ma haka ta kasance, tirai ɗaya tal aka ci duk wasan kuma French ne ya yi abinsa shi kaɗai daga kusan tsakiyar fili. Daɗin kallo ba a magana. Matsalar ita ce in ka haɗu da tim ɗin da ba ta gajiya kuma ba ta ba ka ƙwallo a banza, sai ka ga kowa ya zuba wa mutum biyun nan ido ana jiran su yi abin mamaki. Wasan farko na 2025 ya nuna alamar haka ƙarara amma muka ɗauka wasa ne: minti tamanin da Leigh babu wanda ya ci ko maki ɗaya, aka shiga ƙarin lokaci Gareth O'Brien ya buga ta maki ɗaya suka tafi da 1-0 a gidanmu. Na fito filin nan ina dariya don abin ya yi kama da sakamakon ƙwallon ƙafa, ashe ba abin dariya ba ne.

Fainal ɗin Oktoban 2025 kuma da Hull KR ta yi mana 24-6, duk wanda ya kalla ya san a minti ashirin na farko Wigan ta samu damar da ya kamata ta ci ta zubar, sai aka ba O'Neill katin minti goma a waje saboda ya ɗaga mutum ya kifa shi, kuma a wasan nan in kun koma sha biyu a gaban Mikey Lewis, tauraron Hull KR, to sai dai addu'a. Daga nan Hull KR suka yi mana irin abin da muka saba yi wa mutane, suka riƙe fili suka bar mu muna ta fafutuka daga ƙuryarmu. Wanda ya koyi kokawarka ya kada ka da ita ai ba ka ce ƙafarka ce ta zame ba. Kocinsu Willie Peters ya yi aiki, a ba shi.

Sai Las Vegas. Gaskiya ni wannan uzurin ba ya shiga kaina ko kaɗan. Ranar 1 ga Maris aka yi wasan a filin Allegiant, farkon azumi ne ma na tuna mun dawo daga tarawi na kunna, Wigan ta yi wa Warrington 48-24. Mako biyu bayan nan Hull FC ta zo gidanmu ta fitar da mu daga Challenge Cup 26-22 bayan muna gaba da tazara mai yawa a hutun rabin lokaci, nan ne mutane suka fara cewa gajiyar jirgi ce. To Warrington ba jirgi ɗaya suka hau ba? Su da aka lallasa a can ma sai da suka kai fainal a Wembley, da ƙyar Hull KR ta ƙwace 8-6. Kuma ka lura, fitar da aka yi mana da wuri ta sa Wigan ta fi Hull KR samun hutun ƙarshen mako a shekarar, su ne suka buga wasa fiye da mu kuma suka kwashe kofi uku. In cunkoso ne ma ai 2024 ta fi muni, saboda wasan Penrith an ɗage wasanmu da Leigh aka cusa shi tsakiyar mako a Agusta, wasa uku cikin kwana goma, na ukun Leeds ta yi mana dukan kawo wuƙa, amma duk da haka aka ci komai. Abin da Vegas ta ci mana na gaske shi ne wasan gida guda da masu tikitin shekara irina muka rasa, da kuma World Club Challenge da ba a buga ba a 2025 tunda Penrith ma suna can.

Ba wai ina cewa jadawalin lafiya yake ba fa, a'a. A 2025 kulob sha biyu ne, gida da waje wasa 22 kenan, amma don a cika 27 sai a ƙara Magic Weekend, ƙarshen makon da duk kulob suke wasa a fili ɗaya, da wasu huɗu na maimaici, sai ka ga kun haɗu da tim ɗaya sau uku a lig kafin a zo kofi da wasannin ƙarshe, har abin ya gundure ka, kuma ba adalci don wani maimaicinsa da manya ne wani da na ƙasan tebur. A Ostireliya wasa 24 suke yi da hutu uku a tsakani, su da suka fi mu kuɗi da yawan 'yan wasa. Wannan wasan ba ƙwallon ƙafa ba ne da za ka buga Laraba ka buga Asabar, kowane takul kamar ƙaramin haɗarin mota ne, sauyi takwas kawai ake ba ka. An dai ji kuka an daina haɗa wasan Juma'ar Ista da na Litinin ɗinta, kuma 2026 an koma kulob sha huɗu da Bradford da York da Toulouse, maimaicin ya tafi. Abin da har yau yake ci min rai shi ne wasan daren Alhamis ƙarfe takwas saboda talabijin, ni mai aikin dare sau nawa na biya kuɗin kujera ina sito ina leƙen waya a ɓoye, kuma wani lokacin sai ka gama roƙon canjin aiki da wani sannan a matsar da ranar wasan. Masu yara 'yan makaranta ma haka suke kuka.

In ka tambaye ni me zan saya da ni ne Kris Radlinski, shugaban gudanarwa na Wigan, ba zan nemi mai gudu ba muna da su har sun yi yawa. Ƙato ɗaya nake so a tsakiya mai iya sakin ƙwallo yana cikin takul, don a samu hanya ta biyu ta kai hari ba sai an jira French ba, da kuma wanda zai rage wa Smith nauyin bugu don yanzu kowa ya san inda ƙwallon za ta a takul na ƙarshe. Farrell ma shekaru sun ja, dole a fara shirya magajinsa tun yanzu. An ƙara yawan baƙin da kulob zai iya ɗauka daga bakwai zuwa goma, ina tsoron wasu za su cika tim da 'yan Ostireliya da ba su samu wuri a gida ba, ina fata mu ba za mu bi wannan layin ba.

Tunda ka ce kana Bolton ai kusa ne, jirgin ƙasa ɗaya zai kawo ka, daga tasha ka taka zuwa filin minti ashirin ko ka bi ayarin masu riga ja da fari ba za ka ɓata ba. In za ka fara kallo ido da ido ka nemi wasan St Helens, amma ka sayi tikiti da wuri don yana ƙarewa, kuma ka zauna ta bayan raga ko sama-sama inda za ka ga yadda layin tsaro yake ja da baya mita goma yana dawowa, a talabijin ba a ganin wannan sosai. Ka sa rigar sanyi biyu ko da watan Afrilu ne. In ka shirya ka yi min magana ta inbox mu haɗu a bakin tasha.