Hukuncin allurar kitse don cike fatar da aka dasa a hanci

Tambaya: Malam, na yi haɗarin babur hancina ya yage, likitoci suka yanko fata daga bayan kunnena suka dasa a wurin. Ciwon ya warke, amma wurin ya lotsa, har ina jin nauyin shiga mutane. Yanzu likita ya ce zai zuƙo kitse daga cikina ya ɗura a ƙarƙashin fatar. Shin wannan canza halittar Allah ne?

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Wannan aiki ya halatta, domin mayar da gaɓa ne zuwa kamanninta na asali. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke wa Arfaja bin As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sanya na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Idan an yi rangwame har haka, kitsen jikinka ya fi cancantar halatta.

Hadisin Ibn Mas'ud da ke tayar wa mutane hankali kuwa, wanda ya la'anci masu yin wushirya, ya ɗaure la'anar da neman ƙarin kyau, shi ya sa Imam Nawawi ya fahimci cewa babu laifi idan magani ne ko gyaran aibi. Haka Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga jikin mutum a mayar wani wurin a jikinsa, muddin amfanin ya rinjayi cutarwar.

A wannan sharaɗin nake so ka tsaya. Hanci cike yake da ƙananan jijiyoyin jini masu alaƙa da na ido, kuma idan kitsen ya shiga ɗaya daga cikinsu yana iya kashe fatar, har ma ya jawo makanta, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. Saboda haka kada ka miƙa fuskarka ga masu allura a shagon kwalliya. Ƙwararren likitan tiyata za ka nema. Ka kuma sani jiki yakan shanye wani sashe na kitsen, don haka idan an bukaci maimaitawa, hukuncin bai canza ba, matuƙar ba a zarce cike gurbin zuwa sake fasalin hancin ba. Wurin zuƙo kitsen kada a buɗe al'aura fiye da bukata, kuma idan ruwa zai cutar da hancin, ka yi shafa a kan bandejin yayin alwala.

Allah ne Mafi sani.