Katin L298N ya ƙone da moter ɗin goge gilashi: da me zan maye gurbinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Yamai, ina haɗa ƴar kura mai tafiya da kanta da Arduino, ɗan katin kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Na sayo moter biyu na goge gilashin mota a kasuwar Katako, na jona su da katin L298N mai sarrafa moter da batir mai volt 12. Da ta ɗan yi tafiya sai katin ya ɗau zafi ya tsaya, in ya huce ya ci gaba. Jiya da na ɗora mata kaya sai hayaƙi ya tashi. In sayi wani L298N in sa masa fanka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sake sayen L298N don wannan aikin, ko da fanka nawa za ka sa masa. Kaya ne ya fi ƙarfin jaki.

Kowace hanya ta L298N amfer 2 take iya ɗauka, amfer 3 kuwa na ƙiftawar ido ne. Kuma tsohon ƙira ne mai cin wuta: a amfer 2 yana riƙe kusan volt 4 a jikinsa, wato wat 7 zuwa 8 suna zama zafi a kan ɗan ƙarfen sanyayan nan da bai kai akwatin ashana ba. Ka ƙara da zafin Yamai na watan Afrilu, lokacin da iskar da za ta sanyaya shi ita kanta ta haura digiri 40. Tsayawar da yake yi ya huce kariyarsa ce ta cikin gida, gargaɗi yake yi maka.

Inda mutane da yawa ke yin kuskure shi ne auna wutar da moter ke sha yana juyawa ba kaya. Wadda za ka duba ita ce wadda yake ja in ya cije, ko daidai lokacin tashi, domin a wannan daƙiƙar babu abin da ke rage ta sai juriyar wayar cikinsa. Ɗauki testa, wato na'urar auna wuta, sa ta a ma'aunin om, fara haɗa bakunanta biyu ka ga juriyarsu, sannan ka auna moter ɗin ka debe wancan adadin. Juya sandarsa kaɗan ka sake aunawa sau uku, ka riƙe mafi ƙanƙanta. In ka samu om 0.8, raba 12 da 0.8, amfer 15 ke nan. Ka ga inda hayaƙin ya fito.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi moter ɗin goge gilashi. Da yawansu ƙafa ɗaya a haɗe take da gangar jikin ƙarfen, saboda a mota jikin motar ne ke mayar da wuta. In ka ɗaure biyu a kan firam ɗin ƙarfe ɗaya, da zarar ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya wuta ta haɗu kai tsaye. Auna tsakanin kowace waya da gangar jikin. In testa ta yi ƙara, buɗe shi ka raba wayar da jikin, ko ka ɗora kowanne a kan katako. In ba ka gyara wannan ba, sabon katin ma zai bi sahun tsohon.

Abin da na fi so ka nema shi ne katin IBT-2, mai ɗauke da ƙwayoyin sarrafa wuta na BTS7960 guda biyu. Yana aiki daga kusan volt 6 zuwa 27, kuma a amfer 10 zafin da yake fitarwa bai kai wat 2 ba a lissafin takarda. Amfer 43 da ake rubutawa a jikinsa iyakar kariya ce, kada ka gina aikinka a kai. Ka tsaya tsakanin 10 da 15. Kati ɗaya moter ɗaya yake ja, biyu za ka saya. In ka samu Cytron MD10C, mai amfer 13 a kai a kai da 30 na ɗan lokaci, shi ma ya yi. TB6612FNG kuwa na ƙananan moter ne, amfer 1.2 kawai.

Wajen haɗawa, kai ƙafafun da aka rubuta wa RPWM da LPWM na katin IBT-2 na farko zuwa ƙafa ta 5 da ta 6 ta Arduino Uno, na biyun zuwa 9 da 10. R_EN da L_EN da VCC su tafi volt 5, GND ɗin kowa ya haɗu wuri ɗaya. Siraran wayoyin nan masu launi-launi na sigina ne kawai; daga batir zuwa kati zuwa moter sa waya mai kaurin 2.5 mm², gajera, a matse sukurorinta sosai, domin sukuro mai lilo shi ke narkar da roba. Sa fizibul (fis) na mota mai amfer 15 ga kowane kati, kusa da batir. Arduino kuma ka ba shi volt 5 ta katin rage wuta na LM2596, in ba haka ba zai riƙa mutuwa yana tashi duk sanda moter ya fizgi wuta.

A cikin tsarin umarninka kada ka tashi da gudun moter daga 0 (tsaye) zuwa 255 (iyakar gudu) lokaci guda, hau da shi a hankali cikin rabin daƙiƙa, kuma ka sauko 0 kafin ka juya baya. Gwajin farko ka ɗaga tayoyin sama, bayan minti biyu ka taɓa ƙarfen sanyayan, sannan ka fara ɗora kaya kaɗan-kaɗan.