Tambayoyinku Kan Fasaha: Yadda Za Ka Gwada Rangwamen Haɗin Kaya a Manhajar Shago

Malam, ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, ƙasar Gana. Na sa garaɓasa a manhajar sayarwa: madarar gwangwani ɗaya sidi 7.50, uku sidi 20. Na gwada uku ya fito daidai. Amma wani ya sayi bakwai, na'ura ta ce sidi 50, shi kuma ya ce 47.50 ne. Wa ke da gaskiya?

Alhaji, mai sayen ne ke da gaskiya. Bakwai ƙunshi biyu ne na uku-uku, sidi 40, sai gwangwani ɗaya da ya rage a 7.50. Manhajarka ta ba da rangwamen sau ɗaya ta tsaya, sauran huɗun ta sayar da su a cikakken farashi. Ka shiga inda ka tsara garaɓasar, akwai wurin da ke tambaya ko rangwamen zai maimaita kansa a rasit ɗaya, ko kuma sau nawa aka yarda a bayar. Can matsalar take.

Gwajin uku kaɗai bai isa ba, domin shi ne adadin da kowace manhaja ke iyawa. Ka ɗauki takarda tun kafin ka taɓa na'ura, ka rubuta abin da ya kamata ya fito: ɗaya 7.50, biyu 15, uku 20, huɗu 27.50, biyar 35, shida 40, bakwai 47.50. Sannan ka buga su ɗaya bayan ɗaya kana kwatantawa. Dole lissafin hannu ya riga na na'ura, don idan ka fara ganin lambar da ke kan allo, zuciyarka za ta karɓe ta ko da ba daidai ba ce.

Lambar da ta fito ba daidai ba ita ma tana gaya maka irin kuskuren. Idan shida ya ba da 42.50, rangwamen ba ya maimaituwa. Idan huɗu ya ba da 26.68, to manhajar ta fahimci abin a matsayin "daga uku zuwa sama kowanne 6.67", wato farashin sari ta yi maka, kuma wannan karon aljihunka ne ke zuba.

Bayan adadi, ka gwada yadda yaron shago yake aiki a zahiri. Ka buga madara biyu, ka sa sabulu a tsakani, sannan ka ƙara madara ta uku. Ka gwada rubuta 3 da hannu, ka kuma gwada wucewa da gwangwani a gaban na'urar karanta lamba sau uku. Daga nan, bayan rangwamen ya hau, ka cire gwangwani ɗaya: kuɗin ya koma 15 ko ya tsaya a 12.50? Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma ƙofa ce a buɗe ga duk wanda ya gano ta.

Na haɗa kayan azumi: shinkafa sidi 95, man girki 40, sukari 25, duka a 144 maimakon 160. Wata ta dawo da man, manhaja ta ce a mayar mata 40. Haka ne?

A'a, ɗan'uwa. Ba ta biya 40 a kan man ba. Idan ka bi wannan hanya, wanda ya dawo da kayan uku ɗaya-ɗaya zai karɓi 160 alhali 144 ya ba ka.

Hanya biyu ce ta adalci, kuma kai ne za ka zaɓa, manhaja ba za ta zaɓar maka ba. Ta farko, a raba rangwamen a kan kowane kaya gwargwadon farashinsa. Sidi 16 cikin 160 kashi goma ne cikin ɗari, don haka shinkafa ta tsaya a 85.50, mai 36, sukari 22.50. Ka tara su, 144 cif. A nan 36 za ka mayar mata. Ta biyu, a ce da zarar an cire abu ɗaya haɗin ya warware, sauran kaya sun koma farashinsu na asali: 95 da 25, wato 120, sai a mayar mata 24. Ni na fi son ta farko ga shagon unguwa, don ta fi sauƙin bayani, kuma mutumin da kuke haɗuwa a masallaci ba zai ji an yi masa wayo ba. Idan ta biyun ka ɗauka, ka rubuta sharaɗin a jikin rasit da kuma kan allon garaɓasar.

Ka duba rasit ɗin sosai ka ga yadda aka rubuta rangwamen. Wasu manhajojin suna jibge shi gaba ɗaya a kan kaya guda, ko su sa shi a layi na ƙasa ba tare da rabawa ba. Illarsa ba ta tsaya ga mayar da kuɗi ba. Rahoton riba zai nuna maka kamar shinkafa ce ke jawo asara alhali ba haka ba ne. Idan kuma shagonka yana da rajistar VAT (harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa) a GRA, hukumar haraji ta Gana, ka san ba duk kaya ne haraji ɗaya ba: kayan gona na gida da ba a sarrafa ba an ɗauke musu, man gwangwani kuwa yana biya. Inda rangwamen ya sauka zai canza harajin da za a lissafa, har da kuɗin NHIL (na inshorar lafiya) da GETFund (na asusun ilimi). Ka haɗa ƙunshin gwaji mai kaya iri biyun, ka kai wa akawunka rasit ɗin ya duba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sito. Ka ƙirga shinkafa, mai da sukari a manhaja, ka sayar da haɗi ɗaya, ka sake dubawa. Kowanne ya ragu da ɗaya? Idan an shigar da haɗin a matsayin sabon kaya mai zaman kansa, zai yiwu kayan su fita daga shago amma lissafin sito bai motsa ba.

Ni mai shagon kayan kwalliya ce a Alabar. Na ce a sayi uku, mafi arha kyauta. Ga kuma kashi goma da nake rage wa kwastomomina na kullum. Lissafin yana fitowa daban-daban, na rasa gane kansa.

Hajiya, abu biyu ne suka haɗu miki. Mu fara da "mafi arha kyauta". A kaya uku babu gardama. A kaya shida ne magana take rabuwa. Ɗauki kaya na sidi 60, 45, 30, 30, 20 da 15, jimla 200. Wata manhajar za ta zaɓi biyu mafi arha cikin duka, 20 da 15, a biya 165. Wata za ta jera su daga mai tsada zuwa ƙasa ta raba uku-uku, ta yafe 30 a rukunin farko da 15 a na biyu, a biya 155. Duka biyun suna iya cewa sun bi abin da kika rubuta. Amma ki lura, mai wayo za ta raba sayayyar rasit biyu ta samu 155 ɗin ko ta yaya, sai ya zama wadda ba ta san dabarar ba ce kaɗai ke biyan 165. Shi ya sa nake ganin gara ki saita hanya ta biyu, ki yi lissafin ribarki a kanta tun farko.

Akwai kuma manhajar da ke haɗa rukuni bisa jerin da aka buga kayan. Ki gwada waɗannan shidan sau uku: daga mai tsada, daga mai arha, sannan a gauraye. Jimla ɗaya ya kamata ta fito kowane lokaci.

Game da haɗuwar rangwame biyu, ki yanke hukunci: suna hawa kan juna, ko mai saye ta samu wanda ya fi girma kawai? Idan suna hawa, wanne ke fara aiki? A kaya na sidi 100, cire 20 sannan kashi goma ya bar 72. Kashi goma sannan a cire 20 ya bar 70. Sidi biyu ne, amma a kowane rasit ne, har ƙarshen kasuwar sallah.

Madara iri ɗaya ce, amma wani katon rangwame na hawa, wani ba ya hawa.

Juya gwangwanin ka karanta lambar da ke ƙarƙashin zanen layukan. Manhaja lambar take gani, ba sunan da ke jiki ba. Lambar da aka yi wa rajista a Gana tana farawa da 603, ta Najeriya da 615, kuma ko kamfani ɗaya ne yakan sauya lamba idan ya sauya girma ko mazubi. Ka ƙara sabuwar lambar cikin rukunin garaɓasar, ka gwada ƙunshi mai gauraye: biyu daga tsohon katon, ɗaya daga sabo.

Ɗalibi ne ni a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ina rubuta wa shagon kawuna manhaja. Uku a sidi 20 yana fito min 20.01, wani lokaci kuma 19.98.

Ƙanena, 20 ba ta rabuwa uku daidai. Idan ka kai kowanne 6.67 ka samu 20.01, idan ka datse a 6.66 ka samu 19.98. Maganinsa, ka ba biyu 6.67, na ƙarshe ya ɗauki abin da ya rage, 6.66. A cikin gwajinka ka sa sharaɗi cewa jimlar layuka dole ta yi daidai da farashin haɗi, ba ƙari ba ragi.

Kada ka ajiye kuɗi a matsayin lamba mai ɗigo. Kwamfuta tana lissafi da tushe biyu, shi ya sa a Python ko JavaScript idan ka tara 0.1 da 0.2 za ka ga 0.30000000000000004. Ka mayar da komai pesewa (ɗari ne sidi ɗaya), cikakkiyar lamba: sidi 20 ya zama 2000, 7.50 ya zama 750, sai lokacin nunawa a allo ka raba da ɗari. Kada ka ce pesewa ɗaya ba komai ba ce don ba a ganin kwabbanta a kasuwar Kejetia. Biyan MoMo, wato biya ta waya, yana tafiya da ita, kuma ita ce za ta hana lissafin rana rufewa daidai.

Gwajin kansa ka yi shi tebur: kayan da ke kwando, garaɓasar da ke aiki, jimlar da kawunka ya lissafa da hannu. Duk lokacin da ka taɓa lambobin manhajar, ka sake gudanar da teburin gaba ɗaya a kan kwafin bayanai, ba a na'urar da ake ciniki da ita ba. Mai sayen gari yana duba gindin olonka, wato gwangwanin awo, kafin a auna masa, kai ma ka duba gefe-gefe: kwando babu komai, adadi sifili, rangwamen da ya fi kuɗin kaya yawa, wanda bai kamata ya mayar da jimla ƙasa da sifili ba.

Ka kuma gwada agogo. Gana tana kan lokacin GMT, Legas tana gaba da awa ɗaya. Idan aka bar na'ura a lokacin Najeriya, garaɓasar da za ta ƙare ƙarfe shida na yamma za ta mutu ƙarfe biyar. Ka gwada minti ɗaya kafin lokacin rufewa da minti ɗaya bayansa, da rasit ɗin da aka buɗe kafin lokaci aka biya bayansa. Sannan ka kashe intanet kamar ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta, ka canza farashin haɗi a babbar kwamfuta, ka sayar a wayar yaron shago, ka kunna intanet ka ga wane farashi ya shiga rahoto, tsoho ko sabo.