Amsa: gyaran ɗakin uwar marayu kafin damina

Malam, ka tambayi yadda za ku gyara wa uwar marayun unguwarku ɗakinta mai yoyo alhali kuɗi ba su taru ba. Ku kira gayya kawai. A sanar da mai unguwa, liman ya yi shela, a sa rana.

Amma magini ya fara hawa soron tukuna. Sau da yawa azara lafiyarta ƙalau, indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta yana cin katanga. In haka ne, jar ƙasa da ciyawa da makuba sun isa yaɓe. Ku gama kafin Mayu ya fita, laka ba ta bushewa cikin ruwan Agusta. Kuma don Allah kada a watsa hotonta a Facebook.